Fentin gri-mov a ɗaki: yadda zaki haɗa shi, ki gwada, ya zauna miki yadda kike so

Wannan kalar da masu kenkayeri, shagunan kayan gini, suke cewa gri-mov, wato ruwan toka mai ɗan sirkin shunayya da ruwan hoda, yanzu zakiga ta a salon ɗin mutane da ɗakunan amare daga Garwa har Marwa da Kusuri a arewacin Kamaru, ki tsallaka gada ki shiga Njamena ma tana nan. In baki gane wacce nake nufi ba ki ɗauko busasshen ɓawon jar albasa irin ta Marwa ki ɗan barbaɗa masa toka, toh kusan haka take. Kala ce mai sanyi a ido, bata ihu, in an dace da ita ɗaki yakan yi wani irin natsuwa wanda fari zalla ko ruwan madara basa bayarwa, ga shi bata saurin nuna datti kaman fari. Ni dai ina sonta sosai kuma ina yawan bada shawarar ta in za'a yiwa amarya jere, amma fa wallahi cikin duk kalolin da ake shafawa bango babu mai saurin kuɓucewa mutum irinta, shiyasa nace bari in zauna in rubuta abin a tsanake.

Abin da yake faruwa kullum shine 'yar uwa ta ga hoto a waya ya burge ta, ta nunawa mai fenti, shi kuma ya kalla yace ai mov ne wannan, wato shunayya, ya siyo farin fenti da kwalbar kolora ta shunayya, ruwan kalar nan da ake zubawa a farin fenti, ya juye, kafin magariba ɗaki ya zama shunayya tsantsa mai ɗaukar ido, maigida ya shigo ya fara faɗa, kuɗi kuma sun riga sun tafi. Ki riƙe wannan a ranki tun daga farko: a cikin gri-mov ruwan toka ne mai gida, shunayya leƙowa kawai take yi. In mutum ya shigo ɗakin nan take yace kai shunayya kika sa, toh ta yi yawa. Wadda aka dace da ita sai baƙo ya zauna ya sha ruwa ya ɗan jima kafin ya tambaya wai wannan wace irin ruwan toka ce mai daɗin kallo haka.

Kafin ma ki je kasuwa ki fara duba wutar ɗakinki, dan ita ce take juya kalar nan fiye da komai. Yawancin ampul ɗin LED, wato ƙwan fitila, da ake siyarwa a shagunanmu farare ne tas, in kika duba kwalin zakiga an rubuta 6500K, lambar dake nuna launin hasken, irin wannan hasken yana jan gri-mov zuwa shuɗi-shuɗi, ya cinye ruwan hodan dake ciki, ɗakin ya yi sanyi ƙalau kaman ba shi kika gani da rana ba. Wanda aka rubuta 2700K ko 3000K kuma, mai ɗan ruwan ɗorawa, yana fito da ruwan hodan, wani lokaci har kalar ta karkata zuwa ruwan ƙasa. Ni a ganina 4000K ya fi zama tsaka-tsaki ga salon, ɗakin kwana kuma 3000K, amma ko ma wanne kika zaɓa ki fara sa ampul ɗin tukun sannan ki zaɓi fenti, kar ki yi fenti sannan ki canza wuta. In kuma gidan da lantarkin sola kuke kwana ko fitilar caji ce take aiki rabin sati, toh da ita zaki gwada, tunda da ita zaki riƙa ganin bangon.

Sai taga. Zakiga a intanet Turawa suna ta bayanin wai ɗakin da tagarsa ke kallon arewa baya samun rana, wannan lissafin ƙasarsu ne, mu nan ba haka rana take tafiya ba. Garwa tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, Njamena wajen 12, daga kusan Afrilu zuwa Agusta rana ta ɓangaren arewa ma take bi da tsakar rana, sauran watannin ta koma kudu. Abin da ya dame mu shine gabas da yamma. Ɗakin da tagarsa ke yamma, daga la'asar rana mai ja take shigowa ta ƙara wa bango ja, a irin wannan ɗakin ki rage jan kolora ki bar tokar ta fi yawa. Na gabas kuma da hantsi ne yake haske, daga azahar ya dushe, yana ɗaukar ruwan hoda ɗan fiye da haka. Sannan ƙasar tsakar gidanki ma tana da magana, in jar ƙasa ce irin ta wajen Ngaundere hasken da yake dawowa ciki ta ƙofa jaja-jaja ne, in farin yashi ne ko an yi dandamalin siminti kuma daban.

Wajen samun kalar hanya biyu ce. In kina babban gari kuma akwai shagon da yake da injin haɗa kala, wannan ya fi sauƙi da tabbas, ki ce su nuna miki kundin kaloli, in suna da na RAL, wanda kowace kala take da lambarta, ki duba lamba 4009 da lamba 7036, ta farkon ta fi shunayya ta biyun ta fi toka, abin da muke nema yana tsakaninsu kuma yawanci ya fi su haske duka biyun, ki nemi a haɗa miki ɗan kaɗan na gwaji kar ki yarda a haɗa babban bokiti tun ranar farko. Kuma ki sa su rubuta miki lambar haɗin a takarda.

In babu inji, wanda shine halin mafi yawanmu, da hannu za'a haɗa kuma ba wani abin tsoro bane in aka bi a hankali. Ki siyi farin fentin ruwa mai kyau, irin su Pantex ko wani wanda mai fentinki ya yarda da shi, da kolora uku: baƙi, ja, da shuɗi. Jan ki nemi mai duhu irin ruwan makuba wanda suke cewa oksid, ba ja mai ƙyalli ba. Ki biya famasi ki siyo sirinji sabo guda uku ba allura, kowace kala da nata. Ki auni lita 1 na farin fentin a roba mai tsabta, ki fara da baƙin, ɗigo-ɗigo kina juyawa sosai har ƙasan robar, har sai kin samu ruwan toka mai haske wanda ko a haka aka barshi zaki iya zama da shi. Sannan ne zaki shigo da jan, kaɗan-kaɗan, zakiga tokar ta fara ɗumi tana komawa ruwan hoda mai dattin-datti, kar ki tsorata haka ake so, daga ƙarshe sai shuɗin, shi kuma ƙanƙani ne ƙwarai, shine yake juya ruwan hodan ya zama mov. Duk abin da kika zuba ki rubuta, mililita nawa na baƙi, nawa na ja, nawa na shuɗi, dan in gwajin ya yi sai kawai ki ninka da yawan litar da zaki yi aiki da ita. Kar ki karɓi lissafin wata ki ce shi zaki bi ido rufe, ƙarfin kolora ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har farin fentin ma wani ya fi wani shan kala. In ta yi miki duhu farin fenti zaki ƙara, ba ruwa ba. In shunayyar ta yi tsalle da yawa ɗigon ruwan ɗorawa mai duhu, wanda suke cewa okir, yana kwantar da ita.

Mai fenti zai iya cewa Hajiya bari kawai ni da ido nake haɗawa shekara da shekaru, ki girmama shi ki ce masa Malam na yarda da hannunka amma dan Allah wannan karon mu auna, saboda ranar da fenti ya ƙare saura bango ɗaya, ido baya iya maimaita gri-mov, ko na waye.

Gwajin kuma ba a cikin roba ake kallonsa ba. Ki samu falle na filai ko babban kwali kaman mita 1, a fara shafa masa fari ya bushe, sannan a shafa haɗin naki sau biyu ana barin na farko ya bushe. Fentin ruwa in ya bushe yakan ɗan ƙara duhu akan yadda yake a jiƙe, dan haka hukunci sai ya bushe ƙarau. Ki riƙa yawo da allon nan cikin ɗakin, ki jingina shi a bangon dake fuskantar taga, ki mayar da shi lungun bayan ƙofa, ki ajiye shi dab da karo ɗin ƙasa, wato tayil, ki kara shi da labulen da kika siya da yadin kujeru, ki kalle shi da hantsi, da azahar, bayan la'asar, da dare an kunna wuta, kwana biyu ko uku ba asara bane. Kuma ki sani kala in ta cika bango huɗu tana ƙara ƙarfi saboda kowane bango yana haska ɗan uwansa, abin da kika gani daidai a allo zai fi haka shunayya a ɗaki, dan haka in kina tsakanin biyu ki ɗauki wadda ta fi haske kuma ta fi toka. Na fi son amarya ta ce min da an ɗan ƙara, akan ta ce ta kasa barci a ciki.

Yanzu bangon kansa. In sabon gini ne a bar shafen siminti ya sha iska kaman sati 4 kafin a sa masa fenti, na san ana matsuwa in ranar biki ta gabato amma ɗanyen siminti yana cin kala, ya bar tabo fari-fari, a kan gri-mov kuma tabon nan fitowa yake ƙuru-ƙuru. In ƙasan bango yana fitar da farin gari kaman kanwa yana ɓarewa, wanda magina ke cewa salpetir, danshi ne yake hawowa daga ƙasa, ana yawan ganinsa a unguwannin da ruwa ke kwanciya da damina kusa da kogin Binuwai ko Logon, a kankare shi da buroshin ƙarfe a bushe, a nemo inda ruwan yake shiga a gyara, in ba haka ba duk tsadar fentin damina ɗaya zai kumbura. A cike tsaga da ramukan ƙusa da anduwi, kwaɓin da ake daidaita bango da shi, a goge da samfefa, a share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, sannan a shafa fari na ƙasa wanda suke kira ampresiyon. Kar a tsallake wannan musamman in tsohon fentin kore ne ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, kalar nan bata da ƙarfin rufe su, zasu leƙo ta ƙasa su lalata miki ita.

Akwai wani abu da nake so iyaye mata su kula da shi sosai. Tsohon fentin mai, irin na ƙofofi da tagogi da ƙasan bango, da yawansa akwai dalma a ciki, kuma ƙurarsa in an goge shi a bushe guba ce ga yara ƙanana da mai ciki, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2017 ne Kamaru ta sa dokar taƙaita dalma a fenti, amma wanda aka shafa kafin nan yana nan a jikin gidaje. In za'a goge irinsa a fitar da yara daga sashen gaba ɗaya, a jiƙa wurin kafin a goge, mai aikin ya rufe hanci, a goge ƙasa da ruwa bayan an gama ba da tsintsiya ba.

Lissafin yawan fenti ba wuya. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayi mita 3, kewayensa 16 ne, sau 3 ya bada mita kare 48, ki cire ƙofa da taga kaman 4, saura 44, shafi biyu kenan 88. Fenti mai kyau lita 1 yakan rufe wajen mita kare 10 a bango mai santsi, kinga lita 9 kenan, in bangon mai kaushi ne yana sha fiye da haka, ki haɗa 11 ko 12 ki huta. Wasu bokitan da kilo ake rubuta su ba lita ba, ki duba jikin bokitin an rubuta mita nawa yake rufewa. In bokiti biyu kika haɗa, a juye su duka a babban baho ɗaya a gauraya kafin a fara, a tace da tsohon gidan sauro ko ɗankwali mai shara-shara saboda guda-gudan kolora, in ɗaya ya fashe a ƙarƙashin rulo, abin shafa fentin nan mai garawa, jan layi zai ja miki a tsakiyar bango.

Lokacin da ya fi dacewa a wajenmu shine bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙurar hunturu ta sauko, wato wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Amma biki da sallah basa jiran wannan, toh in ya kama da bazara ne, Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Njamena, a fara aiki bayan sallar asuba a tsaya kafin rana ta take, saboda bango mai zafi yana busar da fenti kafin rulo ya dawo, sai kiga sawu-sawu a tsaye, kuma masu aiki sai su riƙa ƙara ruwa dan ya yi musu laushi, kalar ta tsinke. Ruwan da za'a ƙara kar ya wuce abin da aka rubuta a bokiti. In hunturu ne a yayyafa ruwa a tsakar gida da ƙasan ɗakin, a rufe tagar da iska ke bugowa a bar ɗaya a buɗe. A fara da plafon, wato silin, sannan a bi gefe-gefe da buroshi, a bi da rulo tun gefen bai bushe ba, kuma bango ɗaya in an fara shi a kai ƙarshensa kafin a tafi cin abinci. Tsakanin shafi na farko da na biyu a bada awa 4 ko fiye, in da hali a bari sai washegari. Shafin farko kullum muni yake yi, dabbare-dabbare, kar hankalinki ya tashi.

Mat, wato fenti mara ƙyalli, ko satine mai ɗan sheƙi? Mat ya fi fito da kyan kalar nan gaskiya, yana ɓoye rashin daidaiton bango, amma baya son wanki. Mu kuma gidajenmu akwai yara, akwai masu jingina da bango in an zauna a ƙasa, ga man gashi, ga turaren wuta safe da yamma wanda hayaƙinsa a hankali yake sa bango ya yi ruwan ɗorawa, gri-mov kuma in ya haɗu da ruwan ɗorawa komawa yake kalar datti. Dan haka salon da koridoo a sa satine mai gogewa, ɗakin kwana a sa mat, kaskon turare kuma a daina ajiye shi a jikin bango, a tsakiyar ɗaki ko kusa da ƙofa. In kina son a yi subasma, wato a raba ƙasan bango kaman mita 1 da wata kala mai duhu, ki yi shi da kalar nan dai amma wadda aka ƙara wa baƙi, ya fi a kawo baƙuwar kala.

Abin da zai zauna da ita a ɗakin shine rabin aikin. Plafon fari, amma fari mai ɗan ruwan madara, in staf ne, silin nan na filasta mai zane, a bar shi fari kar a bi zanensa da kala-kala, kuma dan Allah wutar nan shuɗiya ko mai canza launi da ake zagaye staf da ita a haƙura da ita a wannan ɗakin, tana kashe kalar gaba ɗaya. Katako mai duhu yana mata kyau ƙwarai, gado ko kabet ko teburin tsakiya, haka ruwan zinare mara ƙyalli sosai a sandar labule da firam ɗin ayatul kursiyyu da tiren shayi. Labule ruwan madara ko ruwan toka mai duhu, ko kore mai dushi-dushi in kina da ƙarfin hali, wannan haɗin ina matuƙar sonsa. Kayanmu na gida ma suna shiga da ita fiye da yadda ake zato, tabarmar kaba, faifai da aka jera a bango, ƙwarya mai zane, tumtum na fata irin wanda ake samu a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, duk launin ƙasa da na ciyawa suna ɗumama ta.

Inda ake samun rigima shine jan kafet. Da yawanmu salon ɗinmu akwai babban jan kafet mai zane da kujerun ƙasa irin na Larabawa ja da zinare, musamman wajen Kusuri da Njamena, in jan mai duhu ne kaman ruwan hanta zasu zauna lafiya da gri-mov in tokar ta fi yawa, in ja ne mai haske ko ruwan goro toh gaskiya ki zaɓi ɗaya, ko kafet ko fentin. Haka karo mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, wanda ya cika gidajen haya, yana sa shunayyar ta ƙara fitowa, a nan ma sai a ƙara toka. Kuma iyayen amarya kar a ce tunda bango mov ne sai a siyo zanin gado mov, labule mov, fulawar roba mov, har kwandon shara, a bar bangon shi kaɗai ya ɗauki kalar, ko filo biyu masu ɗan duhunta sun isa.

In ɗakin ƙarami ne mai taga ɗaya 'yar ƙarama, bango ɗaya kawai a yi, na bayan gado, sauran ruwan madara. Madafa da ake girki da itace ko gawayi bata dace ba. Bangon waje ma ban cika so ba, ranarmu tana cin ja da shunayya da wuri, ƙura ta ƙarasa sauran. Ɗakin laka kuma wanda ba'a yi masa shafen siminti ba fentin ruwa ɓarewa yake, farar ƙasa ta fi masa, ana iya sa mata garin kala na siminti ja da baƙi kaɗan a samu wani abu kusa da wannan, sai dai ita akasin fenti ce, in ta bushe haske take ƙarawa sosai, dan haka a jiƙe sai ta yi kaman ta yi duhu da yawa.

Bayan an gama, ragowar fentin a zuba a roba mai murfi wadda zai kusan cika ta, a rufe gam a ajiye a inuwa ba a ɗakin kwano mai zafi ba, a manna takardar lissafin haɗin a jiki, ki kuma ɗauki hotonta a waya. Kayan ɗaki za'a iya mayarwa bayan kwana biyu amma kar a manna kujera da bango, a bar ɗan tsakani, kuma kar a sa masa ruwa ko tsumma sai ya yi kaman sati 3 zuwa 4 dan sai lokacin yake gama ƙarfi, kafin nan in ƙura ta hau a kaɗe ta da busasshen ƙyalle mai laushi kawai.